Faston Ƙauyen da Ya Yanke wa Hausa Dangi

 Ina miƙa gaisuwa ga waɗanda ke jin mu daga bakin kanal, tun daga Kadawa har Kura, Bunkure da Garun Malam, da masu ɗaurin kwandon tumatir a Kwanar Gafan, da makiyayan da suka sauko da shanu neman tattaka bayan an yanke shinkafa. Da gangan na haɗa manomi da makiyayi a gaisuwa ɗaya, don maganar yau ta shafe su duka.

Mutumin da za mu yi sharhi a kansa Bajamushe ne, fasto a ɗariƙar Lutheran, sunansa Carl Meinhof. Wani zai ce, Malam, ina ruwan mai noman rani da faston Jamus? To, ga ruwansa. A shekarar 1912 wannan bawan Allah ya wallafa littafin da ya yanke wa harshen Hausa dangi, ya yanke wa Fulatanci nasa, ya kuma jera mutanen Afirka hawa-hawa, wane a sama, wane a ƙasa. A wurin masana littafin ya daɗe da mutuwa. Amma ɓurɓushinsa bai ƙare ba, ana tsintarsa a tsofaffin littattafan makaranta, ana kuma jin ƙanshinsa a cacar bakin da matasa ke yi a Facebook kan wane ne ɗan asali, wane ne baƙo.

Sai an san ɗariƙar tasa kafin a gane abin da ya kai fasto ga nazarin harshe. Sunan ya samo asali ne daga Martin Luther, malamin cocin da ya tayar da ƙura a garin Wittenberg a 1517, ya ja daga da shugabannin Katolika. Babban aikinsa shi ne fassara littafin Kirista zuwa Jamusanci, Sabon Alkawari a 1522, cikakken littafin a 1534, a zamanin da ake ibada da Latinanci, harshen da talaka ba ya ji. Luther ya kafe a kan cewa mai wa'azi ya yi magana da harshen da ake yi a tsakar gida da kasuwa. Wannan tunani ba baƙo ba ne a wurinmu. Dalilin da ya sa Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u suka tsara waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa ke nan, alhali Larabci na bakinsu. Mabiya Luther sun gaji wannan ɗabi'a, shi ya sa duk inda mishan Bajamushe ya sauka a Afirka, za ka gan shi da ɗan littafi yana tambayar sunan tukunya da sunan akuya.

An haifi Meinhof a 1857 a wani ƙauye mai suna Barzwitz, a yankin Pomeraniya da ke gaɓar tekun Baltik. Yau wurin yana cikin ƙasar Folan. Mahaifinsa fasto ne, shi ma ya karanta ilimin addininsu a jami'a, ya ɗan taɓa koyarwa, sannan a 1886 aka ba shi jagorancin cocin wani ƙauye, Zizow, ba nesa da mahaifarsa ba. Shekara 17 ya yi a can. Ƙasar manoma ce, shimfiɗaɗɗiya, mai sanyi, ana noman dankali da hatsin da ke jure hunturu. Aikin faston ƙauye sananne ne: huɗubar Lahadi, koyar da yara rukunan addini, ɗaurin aure, jana'iza, da rijistar haihuwa da mutuwa. Da a nan ya tsaya, da babu mai tuna shi yau.

Abin da ya juya rayuwarsa ya zo ne daga Kamaru, wadda Jamus ta ɗora wa tuta a 1884. An kawo masa wani saurayi ɗan ƙabilar Duwala mai suna Njo Dibone, don ya koya masa Jamusanci. Sai reshe ya juye da mujiya, malami ya koma ɗalibi. Meinhof ya shiga koyon Duwalanci a bakin yaron, daga nan ya fara neman duk wani ƙamus da nahawu da 'yan mishan suka rubuta na Suwahili, da Herero, da Sotho, da sauransu. Mishan da ya dawo hutu daga Afirka, a gidansa zai yada zango a sha tambayoyi. Da rana yana duba marasa lafiyar ƙauye, da dare yana jera kalmomi a kan takarda.

A nan ne ya yi aikin da ya cancanci yabo, kuma ba zan rage masa komai ba. Ya lura cewa idan harsuna 'yan'uwa ne, bambancin sautinsu ba kara-zube yake ba, yana da ƙa'ida. Inda wannan harshe ya sa sauti kaza, wancan kullum zai sa sauti kaza, a kalma goma, a kalma ɗari. Idan ka bi wannan ƙa'ida da haƙuri, za ka iya komawa baya ka hango uwar da ta haife su, ko da ba a taɓa rubuta ta ba. Ku da ke aikin ban-ruwa kun fi kowa saurin gane wannan: ruwan da ke kwance a gonarka, ka bi ƙaramar kwata ta kai ka babban kanal, babban kanal ya kai ka madatsar ruwa ta Tiga. Haka ya bi harsunan da ake kira Bantu, waɗanda suka mamaye Afirka daga Kamaru har Afirka ta Kudu. A 1899, yana nan a matsayin faston ƙauye, ya fitar da littafinsa kan tsarin sautinsu, a 1906 ya biyo da na nahawunsu. Lambobin da ya daidaita wa rukunan sunaye na waɗannan harsuna, har gobe da su ɗalibai ke aiki, kuma akwai wata ƙa'idar sauti da ake kira da sunansa.

Daga nan ƙofofi suka buɗe. Tsakanin 1902 da 1903 ya je Gabashin Afirka da na'urar ɗaukar murya irin ta farko-farko. A 1903, shekarar da sojojin Lugga suka ci Kano, ya ajiye aikin coci ya koma koyarwa a Balin. A 1909 aka kira shi Hambug, zuwa cibiyar da aka kafa don horar da ma'aikatan mulkin mallaka. Ku riƙe wannan, don yana da muhimmanci. Mutumin da ya fara nazarin harshe don wa'azi ya isa kunnen jama'a, yanzu albashinsa yana fitowa ne daga masu son umarni ya isa kunnen jama'a. Mujallar da ya kafa a 1910, sunanta ma na farko mujallar harsunan ƙasashen mallaka.

To, sai 1912, sai littafin da ya shafe mu. Sunansa da Jamusanci Die Sprachen der Hamiten, wato harsunan zuriyar Ham. Ham ɗin nan shi ne ɗan Annabi Nuhu, alaihis salam, kamar yadda ya zo a littafin Yahudu da Nasara, kuma wasu marubuta tarihi na Musulmi suka ɗauko. An daɗe ana yawo da tatsuniyar cewa baƙar fata zuriyar Ham ce da aka la'anta, don a halatta bautar da su. Ibn Khaldun ya yi watsi da wannan zance tun ƙarni na 14, ya ce launin fata al'amarin yanayin ƙasa ne. Shehu Ahmad Baba na Tambutu, a fatawarsa ta 1615 kan bauta, shi ma ya ƙi karɓarsa, har ya ambaci Kano da Katsina da Gobir da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Turawan ƙarni na 19 kuwa sai suka juya tatsuniyar ta koma wata fuska. Da suka tarar da birane masu ganuwa, da sarauta, da sana'a a Afirka, sai suka ce ai baƙar fata ba za ta iya wannan ba. Lallai wasu ne masu hasken fata, makiyaya, suka gangaro daga arewa maso gabas suka kawo wayewa. Su ne suka laƙaba wa sunan zuriyar Ham.

Meinhof bai ƙirƙiri wannan ra'ayi ba, ya tarar da shi. Laifinsa shi ne ya ɗinka masa rigar ilimi. Ya ɗauko harsuna bakwai ya ce dangi ɗaya ne: Fulatanci, Hausa, Shilha na Berber ɗin Maroko, Beja na gaɓar Bahar Maliya, Somali, Masai na Kenya da Tanzaniya, da Nama na kudu maso yammacin Afirka. A ƙarshen littafin akwai ƙarin babi na wani masani mai suna Felix von Luschan, wanda ba ruwansa da harshe, shi awon kai da hanci da tsawon jiki ya sa a gaba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda aka dosa.

Babbar hujjarsa ta harshe ita ce rabewar namiji da mace a nahawu. Mu a Hausa mukan ce ya zo, ta zo. Gonar Audu, gidan Audu. Yarbanci ba ya yin haka, Barbarci ba ya yi, Ibo ba ya yi. Jamusanci da Larabci da Faransanci kuwa suna yi. Sai ya ɗauka cewa wannan alama ce ta harshen da ya ci gaba, na mutanen da aka halitta don su yi mulki. Ku duba inda gizo ke saƙar: Fulatanci ba ya rabe namiji da mace ko kaɗan, rukunan sunaye gare shi sama da ashirin. Bisa ma'aunin Meinhof kansa, bai kamata ya shiga jerin ba. Amma Fulani na da shanu, wasunsu na da hasken fata, kuma sarakunan da Turawa suka tarar a Sakkwato da Kano da Yola Fulani ne. Sai ya nemo wa Fulatanci ƙofar baya, ya ce shi ne tsohon matakin dangin, tun kafin rabewar ta nuna. Masai makiyaya ne, Nama makiyaya ne. A taƙaice saniya ta zama hujjar nahawu.

Kada kuma wani ya ɗauka wannan laƙabi ya amfani waɗanda aka liƙa wa. Nama ɗin da ya sa a sahun masu daraja, tsakanin 1904 da 1908 sojojin Jamus sun karkashe su tare da Herero, dubbai a kan dubbai, a ƙasar da ake kira Namibiya yau. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amsa a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne. A Ruwanda kuwa an shekara da shekaru ana koya wa yara cewa Tutsi zuriyar Ham ce da ta zo daga wajen Habasha, Hutu manoma su ne na ƙasa. Da rana ta ɓaci a 1994, wannan darasi na makaranta yana cikin abin da masu adduna suka riƙe. Ba na cewa Meinhof ne ya ba su adda. Ina cewa zancen da aka fara a ɗakin karatu, cewa makiyayi jini daban, manomi jini daban, ɗaya baƙo ɗaya ɗan gida, ba a ɗakin karatu yake ƙarewa ba. Mu da ke zaune inda shanu da shuka ke shan ruwan kanal ɗaya, ya kamata kunnenmu ya fi na kowa jin wannan.

Game da Hausa, abin mamaki, rabin maganarsa gaskiya ce. Hausa na da dangantaka ta asali da Berber, da Somali, da Beja, da harshen Misira ta dā, har da Larabci da Ibrananci. Ba ina nufin kalmomin aro irin su alƙalami da littafi da sadaka ba, waɗannan da Musulunci suka shigo. Ina nufin abin da ke cikin ƙashin harshen: wannan ta ɗin ta mace, da kalmomi irin su mutu, da suna, da me, waɗanda ke da takwarori a can. Inda ya kauce shi ne ya ciro Hausa ita kaɗai kamar marainiya, ya kai ta cikin manya na nesa, ya bar 'yan'uwanta na jini da ke maƙwabtaka da ita, don su ƙananan ƙabilu ne na manoma, ba su da birni mai ganuwa.

Kuma a tambaya, ina Turai ta samo Hausar da ake ta wannan gini a kanta? Daga bakin Hausawa. Akwai Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka 'yanta daga bauta, ya bi wani Bature matafiyi, Heinrich Barth, har Tambutu, ya bi shi Turai a 1855, ya zauna a Ingila da wani mishan Bajamushe, J. F. Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi. Daga nan aka sami nahawun 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885. Akwai Imam Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga da Kete-Krachi, ya karantar da Adam Mischlich mai ƙamus na 1906. Sunayen Turawan ne a bangon littattafan. Dorugu ya rasu a nan Kano, a Nassarawa, a 1912, shekarar da littafin Meinhof ya fito.

Wanda ya rushe ginin, shi ma ta ƙasar Kano ya biyo. Joseph Greenberg, Ba'amurke, Bayahude, ya zo nan a 1938 yana saurayi ɗan shekara 23. Ya zauna a birni, ya kuma zauna a ƙauyukan Maguzawa yana nazarin bori da yadda Musulunci ya yi tasiri a kan al'adunsu. Littafinsa a kan haka ya fito a 1946. Hausarsa ba ta takarda kaɗai ba ce, ya ji ta a bakin manoma. Daga 1949 ya fara fitar da jerin maƙalu yana sake tsara harsunan Afirka gaba ɗaya, ya kammala da littafinsa na 1963. Sharaɗinsa ɗaya ne, mai sauƙin faɗa: idan ana maganar dangin harshe, harshe kaɗai za a duba. Ba hanci ba, ba fata ba, ba garke ba.

Da aka bi wannan sharaɗi, sai komai ya koma mazauninsa. Fulatanci ya koma wurin 'yan'uwansa na Senegal, Serer da Wolof, abin da ɗalibin Meinhof kansa, August Klingenheben, ya riga ya fara hangowa. Masai ya koma dangin harsunan kogin Nilu. Nama ya koma nasa. Rukunin zuriyar Ham ya watse, aka gane babu shi tun asali. Hausa kuwa ta sami 'yan ɗakinsu, harsuna sama da 150 da ake kira dangin Chadi, a Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi: Gwandara, wadda ta fi kowa kusa da ita, da Bolanci, da Karekare, da Ngizim, da Bade, da Tangale, da Angas, da Bura, da Margi. Wannan dangi gaba ɗayansa reshe ne na babbar zuriyar da Larabci ke ciki, kafaɗa da kafaɗa, babu uba babu bara. Daga baya Paul Newman da abokan aikinsa, ciki har da waɗanda suka yi aiki a cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, suka ƙara tabbatar da haka da irin ƙa'idar sautin nan. Wato makamin da Meinhof ya wasa a kan harsunan Bantu, da shi aka sare littafinsa na 1912.

Wannan shi ne abin da ya fi ba ni mamaki a rayuwar mutumin. Ba jahili ba ne, ba kuma malalaci ba. Lokacin da yake faston ƙauye, yana zaune gaban saurayin Duwala yana cewa maimaita mini, ya yi aikin da ya shekara ɗari yana tsaye. Lokacin da ya zama babban farfesa, ana kawo masa 'yan Afirka ɗakin gwaji suna furta kalmomi cikin na'ura, sai ya riƙa jin abin da ya riga ya ƙudurta a ransa. Kunnen bai lalace ba, amsar ce ya rubuta kafin ya yi tambaya. A 1933, ya haura shekara 70, ya shiga jam'iyyar Hitila, ya kuma sa hannu a takardar mubaya'ar da malaman jami'o'i suka yi masa a watan Nuwamba na shekarar. Masu kare shi sukan ce zamaninsa ne. Ni dai wannan uzuri bai gamsar da ni ba, domin a wannan zamanin ne wasu fastocin ɗariƙarsa suka ƙi, irin su Dietrich Bonhoeffer, wanda aka rataye a 1945. Meinhof ya mutu a Greifswald a watan Fabrairun 1944, yaƙi na ci. Sashen da ya kafa a Hambug yana nan, kuma har yau ana koyar da Hausa a cikinsa.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, akwai wani reshe na labarin da ya faɗo a Arewacin Nijeriya. Shekara ɗaya bayan littafin Meinhof, a watan Oktoban 1913, wani likita ɗan ƙasar Danmak, Niels Brønnum, ya sauka a Numan, bakin Binuwai, cikin Bachama. Shi ma mabiyin Luther ne, shi ma da koyon harshen mutanen ya fara. Bachamanci kuwa, da bincike ya yi bincike, ɗan dangin Chadi ne, wato ɗan'uwan Hausa, ɗaya daga cikin waɗanda Meinhof ya bari a waje. Cocin da ya tsiro daga wannan zuwa shi ne Lutheran na Nijeriya mai hedikwata a Numan, wanda ya haɗa ƙabilu da yawa na Adamawa, kuma Hausa ce ta zame musu harshen haɗuwa a wajen ibada. Dattawan da suka riƙe rediyo a shekarun 1960 da 1970 za su tuna Muryar Bishara, shirye-shiryen da ake haɗawa a Jos a watsa daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977.

A watan Mayun 2017 Tarayyar Lutheran ta Duniya ta yi babban taronta a Windhoek, babban birnin Namibiya, ƙasar Nama da Herero, shekara 500 bayan abin da Luther ya fara. Wanda aka zaɓa ya shugabance ta shi ne babban bishop na cocin Numan, Musa Panti Filibus, ya kuma riƙe muƙamin har 2023, da cocin Jamus da na Danmak duk a cikin tarayyar da yake jagoranta.

A nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a yi ban-ruwa lafiya.